Maganaɗisun da ba ya jan allura, da yadda ake ɗaukar hotonsa

Duk wanda ya saba raka baƙi ziyara a Madina ya san tsarin. An je Ƙuba, an je Uhudu, an leƙa Ƙiblataini, sai wani daga kujerar baya ya ce a kai su Wadil Jinn. Sunan wurin na asali Wadil Baida, yana arewa maso yamma da gari. Can ne direba kan cire giya ya ɗage ƙafa, mota ta kama gudu da kanta a kan titin da ido ke rantsuwa hawa ne.

Bara da kawuna ya zo Umra daga Katsina, ni na kai shi. Direbanmu, Bahaushe haifaffen nan, ya waiwayo ya ce, "Alhaji, jama'a na cewa aljanu ne, amma masu ilimi sun ce duwatsun nan mayen ƙarfe ne, su ke jan motar." Kawu ya dube ni ya ce, "To kai da ka sha boko, me ka gani?" Na ce, "Kawu, miƙo mini gorar ruwan nan." Na tsiyaya a kan kwalta, ruwa ya bi inda mota ta bi. Mayen ƙarfe kuwa ba ruwansa da ruwa. Gangara ce kawai, yanayin tsaunukan gefe ne ke yaudarar ido. Kawu bai ji daɗina ba ranar, don na ɓata masa tsarabar labari.

Sai dai direban bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Baƙaƙen duwatsun harra, wato sandararren aman wuta, da suka yi wa Madina ƙawanya suna ɗauke da maganaɗisu. Rauninsa ne ya kai ko allurar ɗinki ba zai ɗaga ba, balle mota. Kuma wannan mai raunin shi ne mai labari, in an sami abin da zai iya karanta shi. Abin kuwa akwai shi, ana ce masa maikiroskof ɗin sikwid, a kansa kuma zan yi bayani.

A shekarar 654 bayan hijira, wato 1256, wuta ta ɓalle a Harrat Rahat, kudu maso gabas da Madina. Narkakken dutse ya yi ta malala kusan kwana 52 kafin ya tsaya bai iso gari ba. Malaman tarihi sun rubuta abin da idonsu ya gani, dutsen ma ya yi nasa rubutun. A cikinsa akwai mitsi-mitsin ƙwayoyin ƙarfe irin wanda ake kira magnetait. Muddin zafi ya haura digiri 580, ƙwayoyin nan ba su da alƙibla, kowace na juyawa yadda ta ga dama. Da dutsen ya huce ya sauko ƙasa da haka, sai suka karkata zuwa inda maganaɗisun duniya ke nunawa a wannan zamanin, suka daskare a haka har yau. Shi kuwa maganaɗisun duniya ba ya zama wuri guda. Yana ɗan kaucewa shekara da shekaru, wani lokaci ma ya juye ɗungurungum, arewa ta koma kudu. Na ƙarshe ya faru kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Da irin wannan sawun ne masu binciken ƙasa ke gane wace malala ce ta fito tare da wace.

Su masu binciken, curin dutse suke haƙowa mai kaurin babban yatsa, su auna shi gaba ɗaya. Amsa ɗaya suke samu a madadin miliyoyin ƙwayoyi. Kamar ka tsaya bayan katangar kasuwa ne: za ka ji hayaniya, ba za ka ji cinikin kowa ba. In wata ƙwaya tun asali take wata kuma tsatsa ce ta haife ta daga baya, in aradu ta taɓa faɗa wa gefe guda ta sauya masa rubutu, duk a dunƙule za su zo maka. Wanda ke son jin muryar ƙwaya ɗaya sai ya nemi kunnen da ya fi wannan, ya kuma kai shi dab da bakinta.

Bari mu san girman matsalar. Ma'aunin ƙarfin maganaɗisu sunansa tesla. Na'urar hoton MRI ta asibiti tana aiki da tesla 1.5 ko 3. Ɗan maganaɗisun da ake mannawa a ƙofar firji bai wuce kashi 5 cikin 1,000 na tesla ɗaya ba. Na duniya, wanda ke juya allurar kamfas, wanda manhajar alƙibla ta wayarka ke dogaro da shi, yana tsakanin kashi 25 da 65 cikin miliyan na tesla. A yankinmu wajen 40 ne. Wanda bugun zuciyar ɗan Adam ke fitarwa kamar ka raba na duniya gida miliyan ne ka ɗauki ɗaya, na ƙwaƙwalwa kuma ya gaza na zuciya sau ɗari ko fiye. Can ƙasa, a wannan unguwar, ake aikin da nake son bayani a kai.

Kunnen da ke jin irin wannan raɗa daga sanyi ya fito. Kowace waya tana yi wa lantarki tirjiya, shi ya sa caja ke ɗumi a hannu. A birnin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes ya mayar da iskar hiliyom ruwa a 1908, ruwan da sanyinsa ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri. A 1911 ya sanyaya zaiba da shi, sai ya ga tirjiyarta ta ɓace ƙurmus. Ba raguwa ta yi ba. Ka yi zobe da irin wannan ƙarfe ka saki lantarki a ciki, zai yi ta zagaye ba batir ba janareta, muddin sanyin na nan. Abin da ya shiga wannan hali shi ake kira sufakondakta. Dalma na shiga, niyobiyom na shiga a wajen digiri 264 ƙasa da sifiri, tagulla kuwa, duk da ita ce sarauniyar wayoyi a gidajenmu, ba ta shiga.

An yi shekara 46 kafin a gano dalili. A 1957 John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer suka nuna cewa a cikin tsananin sanyi, ilektiron, wato ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki, suna haɗuwa bibbiyu, sannan dukkan ma'auratan su ɗauki taki guda. Ni abin da yake tuna mini shi ne alhazan Indunusiya a cikin cunkoson Harami. Mu kowa tasa ta fisshe shi, wannan ya bangaje ka, wancan ya taka maka silifa, ka isa a gajiye. Su kuwa sun sarƙe hannu, sun zama jiki ɗaya, su ratsa taro ba wanda ya iya ɓalle mutum guda daga cikinsu. Misali ne, ba ya ɗaukar komai da komai, amma ya kama jigon: ayarin duka igiya ɗaya ce mai hawa da sauka tare, kamar igiyar ruwa.

Daga nan abin mamaki na farko ya fito. Tunda igiya ce, in ta zagaya zobe dole ƙarshenta ya haɗu da farkonta daidai wa daida. Wannan sharaɗi ya sa zoben ba ya yarda maganaɗisu ya ratsa raminsa sai a ƙidaye: ɗaya, biyu, uku. Kamar ƙwai ne a kanti, ba a sayar maka da rabi. An tabbatar da haka a 1961, a Amurka da Jamus a lokaci guda. Kuma ƙwan ƙarami ne ƙwarai. Ka ɗauki jar ƙwayar jini guda ɗaya, mai faɗin maikiromita 7 zuwa 8, wadda sai ka jera kamar goma kafin su kai kaurin gashin kai. Maganaɗisun duniya da ke ratsa fuskar wannan ƙwayar, shi ne kusan ƙwai ɗaya.

Na biyu wani ɗalibi ne ya zo da shi, Brian Josephson, yana da shekara 22 a Jami'ar Kambirij ta Ingila, a 1962. Da lissafi ya nuna cewa in ka yanke sufakondakta ka sa shamaki siriri a tsakani, wanda kaurinsa bai wuce 'yan ƙwayoyin zarra ba, ayarin zai ratsa shi hannu a sarƙe. Bardeen da kansa ya ce ba zai yiwu ba. Shekara ɗaya bayan nan gwaji ya ba yaron gaskiya, a 1973 kuma ya karɓi kyautar Nobel. A 1964 wasu masu bincike a ɗakin gwaji na kamfanin motoci na Ford suka haɗa abubuwan biyu: zobe mai shamaki biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. A gajarce Turawa na ce masa sikwid, sunan da ya yi karo da na dabbar ruwan nan mai tawada da ake sayarwa a Bangala, kasuwar kifin Jidda, da sunan habbar. Ba abin da ya haɗa su sai suna.

Ga yadda yake aiki. Ka turo lantarki ta ƙasan zoben, ayari ya rabu biyu, rabi ya bi dama, rabi ya bi hagu, kowanne ya ratsa shamakinsa, su haɗu a sama. In sun iso taki ɗaya, sai su ƙarfafi juna, lantarki ya wuce salin alin. In sun iso a saɓe, tudun wannan ya faɗa kwarin wancan, sai su danne juna, zoben ya fara nuna ɗan ƙarfin wuta a tsakanin bakunansa biyu. Abin da ke yanke hukuncin haɗuwa ko saɓawa shi ne yawan maganaɗisun da ke ratsa ramin. Yana ƙaruwa, ƙarfin wutar na hawa yana sauka, zagaye guda a kan kowane ƙwai. Na'urori masu kyau kuwa suna iya gane motsin da bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na zagayen ba, a awon daƙiƙa ɗaya. Ka koma kan ƙwayar jinin nan ka raba abin da ke ratsa ta gida miliyan.

A aikace ba a barin zoben ya yi ta hawa da sauka. Ana ajiye wata 'yar waya a gefensa mai samar da maganaɗisu na kishiya. Duk abin da ya shigo, sai a tura daidai da shi a soke shi, a karanta nawa aka tura. Dabarar masu sikelin zinare ce: ba ka auna nisan da hannu ya karkata, dutsen awo kake ƙarawa har ya daidaita.

Da zobba manya aka fara cin moriyar abin. David Cohen ya auna maganaɗisun ƙwaƙwalwa da sikwid a jami'ar MIT ta Amurka a 1972, yau kuma akwai asibitocin da ke amfani da hula mai ɗaruruwan zobba don gano inda farfaɗiya ke tasowa. Amma maikiroskof, wato amfani da zoben wajen ɗaukar hoton maganaɗisun mitsi-mitsin abubuwa, wata rigima ce daban, kuma a nan ne nake ganin ainihin gwanintar take.

Zobe kamar faranti ne da aka ajiye a ruwan sama. Babba ya fi tara ruwa, amma ba zai gaya maka a wane lungu kowane ɗigo ya sauka ba. Ƙarami ya san wurin, sai dai abin da yake tarawa kaɗan ne. Zoben da ya kai faɗin farce yana jin abin da ya yi ƙasa da na ƙwaƙwalwa. Wanda aka matse ya koma maikiromita ɗaya ya yi asarar wannan ji sau dubbai. Da a nan maganar ta tsaya, da ba wanda zai wahalar da kansa. Abin da ya ceci ƙaramin zobe shi ne kusanci. Ƙarfin ƙwayar maganaɗisu yana zubewa da nisa fiye da yadda hankali ke zato. Ka ninka tazara sau biyu, kashi ɗaya cikin 8 ya rage maka. Ka ninka sau 10, kashi ɗaya cikin 1,000. Ka juya maganar: duk matsowar da ka yi sau goma, riba dubu ce. Babban zobe ba ya iya matsowa, domin ko gefensa ya taɓa abin, sauran jikinsa na nesa. Kuma akwai ƙa'idar da ba ta da makawa: ba za ka bambance abu biyu da ke kusa da juna fiye da faɗin zobenka ko tazararka da su ba, wanda duk ya fi girma a cikin biyun. Mai zobe ƙarami da ke shawagi daga nesa ya yi asara biyu.

Hoton kansa ba ɗauka ɗaya ake yi masa ba kamar na kyamara. Zoben ido ɗaya ne, wuri ɗaya yake gani. Sai a riƙa jan samfurin a ƙarƙashinsa layi-layi, kamar mai huɗa yana bin kunya har ya gama gona, kwamfuta na rubuta awon kowane taki tana ba shi launi: inda maganaɗisu ke fitowa ja, inda yake komawa shuɗi. Hoto ɗaya na iya cin sa'o'i. A tsawon lokacin nan komai abokin gaba ne. Mota ta wuce a titi, lif ya motsa a bene, wani ya shigo da makulli a aljihu, duk sun fi abin da ake nema ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake rufe na'urar cikin akwatunan wani ƙarfe mai shanye maganaɗisu, ana kuma naɗa zobe biyu masu kishiyar juna, ɗaya a kan samfur ɗaya can gefe. Abin da ya zo daga nesa ya taɓa su daidai ya soke kansa, na kusa kaɗai ya rage.

Sai batun sanyi, wanda ya raba na'urorin gida biyu. In abin da za a duba shi ma yana son sanyi, shi ke nan, a sa su ɗaki ɗaya, zoben ya matso har ya kusa gogar fuskarsa. In kuwa dutse ne ko tsokar zuciya ko kayan lantarki, waɗanda ake so su zauna a zafin ɗaki, sai a koma ga dabarar filas ɗin shayi, wadda James Dewar ya ƙirƙiro a 1892 don irin wannan aiki tun kafin ta shigo kicin. Zoben na ciki a wurin da aka zuƙe iska, samfurin na waje, tsakaninsu wata taga ta yaƙutu wadda ba ta kai kaurin gashi ba. Nan digiri 269 ƙasa da sifiri, can digiri 20 da wani abu, tazararsu kamar kaurin takarda. Duk sanda na tuna wannan sai in ga ya fi motar Wadil Jinn ban mamaki.

Me aka gani da shi?

A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken IBM na Zurik, suka gano wasu sinadarai masu kama da tangaran da ke zama sufakondakta ba sai an kai sanyin da aka saba ba. Shekara ɗaya bayan haka aka sami wanda ruwan naitirojin ma ya ishe shi, digiri 196 ƙasa da sifiri, ruwan da ya fi hiliyom araha ƙwarai. Gardama ta kaure kan yadda ilektiron ke sarƙe hannu a cikinsu. Wani ɓangare ya ce igiyar tasu tana sauya fuska dangane da kusurwar da ta bi, in kuwa haka ne, zoben da aka gina a mahaɗar lu'ulu'u uku masu kusurwoyi na musamman zai haifar da rabin ƙwai da kansa, ba tare da an sa masa komai ba. A 1994 Chang Tsuei da John Kirtley na IBM suka gina zoben, suka bi ta kansa da maikiroskof ɗin sikwid. Zobban da ke gefe ba komai a cikinsu, na mahaɗar kuwa ga rabin ƙwai zaune. Gardamar shekaru, hoto ya kusa kashe ta.

Akwai kuma aikin da masu gyaran waya za su fi ganewa. Wanda ya taɓa neman inda wuta ta haɗe a allon waya ya san wahalar: ka bi da mita, ka shafa hayaƙin ƙaro ka ga inda zai narke. To a masana'antu, inda hanyoyin wuta ke binne hawa-hawa a cikin ƙwayar kwamfuta, ba a ganin komai daga waje. Amma duk inda lantarki ya bi yana barin maganaɗisu, shi kuma yana ratsa roba da silikon kamar ba su nan. A ɗauki hotonsa, a juya lissafi baya, taswirar hanyar wutar ta fito, a ga inda ta kauce, ba a fasa komai ba. Fred Wellstood na Jami'ar Maryland na cikin waɗanda suka kai wannan dabara kasuwa. Juya lissafin baya yana da iyaka: in wutar a shimfiɗe take a fuska ɗaya, amsa ɗaya ce, in kuwa ta bi zurfi daban-daban, hoto ɗaya na iya dacewa da amsoshi da yawa, sai an haɗa da sanin yadda aka gina abin. Launuka masu kyau a hoto ba su ne hujja ba.

Ƙarshen matsewa zuwa yanzu ya fito daga ɗakin binciken Eli Zeldov a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila. Siririn bututun gilas suke narkarwa su ja shi har bakinsa ya tsuke, sannan su fesa masa ƙarfe sau uku: gefen dama, gefen hagu, da kan bakin. Da'irar bakin ta zama zobe, wurare biyu da suka fi siranta suka zama shamaki. A 2013 suka nuna na dalma mai faɗin nanomita 46, wato sai ka jera fiye da dubu kafin su cike kaurin gashi, kuma jinsa ya kai na gano maganaɗisun ilektiron guda ɗaya tak. Daga baya suka gane cewa tsinin yana jin zafi ma, har kashi ɗaya cikin miliyan na digiri, sai ya zama ana ganin daidai inda lantarki ke tuntuɓe yana zubar da ƙarfinsa a cikin abu.

A watan Oktoban 2025, lokacin da ake ta murna a nan kan Nobel ɗin Omar Yaghi, mai takardar zama ɗan Saudiyya, a fannin sinadarai, mutane kaɗan ne suka kula da ta fiziks da aka sanar kwana ɗaya kafin tasa. John Clarke da Michel Devoret da John Martinis ne suka ɗauka, kan gwaje-gwajen da suka yi da shamakin Josephson a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1984 da 1985. Clarke kuwa rayuwarsa ta aiki kusan duk a kan sikwid ta ƙare.

Ba na son a ɗauka na'urar ba ta da aibu. Tana da tsada, tana da jinkiri, kuma tana shan hiliyom, wanda daga rijiyoyin iskar gas ake tace shi. Maƙwabciyarmu Ƙatar na cikin manyan masu fitar da shi daga Ras Laffan, kuma duk sanda aka sami tangarɗa a can, ɗakunan bincike da asibitoci a duniya sai sun ji a jikinsu. Akwai injinan sanyi da ba sa buƙatar a riƙa zuba ruwan, amma suna karkarwa, karkarwa kuwa guba ce ga tsinin da ke shawagi dab da fuskar abu. Ta kuma yi kishiya: daimon mai wasu 'yan tabo a cikinsa, wanda in an haska shi da koren haske yake mayar da ja gwargwadon maganaɗisun da ke kusa. Shi ba ya son sanyi, ana kifa shi kai tsaye a kan dutse, yana ɗaukar fili gaba ɗaya kamar kyamara. A ganina, wajen bambance ƙwaya da ƙwaya a dutse daimon ya fara karɓe kasuwa. Wajen jin abin da ya fi kowane rauni, da kuma duk abin da ke zaune cikin sanyi tun asali, zoben bai sauka daga kujerarsa ba.

Mu koma kan duwatsu, inda muka faro. Maikiroskof ɗin sikwid yana jin maganaɗisun da ya gaza abin da na'urar awon curi ke ji kusan sau dubu, don haka ƙwaya ɗaya ta ishe shi. A 1984 an tsinci wani dutse a ƙanƙarar Antatika, aka gano daga duniyar Mars ya fito. A shekarar 2000 Benjamin Weiss da Joseph Kirschvink da abokan aikinsu suka yanka shi siriri suka ɗauki hotonsa da na'urar Jami'ar Vanderbilt. Suka ga gutsattsarin da ke maƙwabtaka da juna kowanne na nuna tasa alƙiblar, abin da zafi zai goge da ya taɓa shigarsa. Lissafinsu ya nuna cikin dutsen bai haura digiri 40 ba tun daga fizgo shi daga Mars, da miliyoyin shekarun da ya yi yana yawo, har ratsowarsa sararin duniyarmu. Wato a duk tafiyar nan bai ɗanɗana ko zafin azahar ɗin Madina ta watan Yuli ba. A 2014 Roger Fu da Weiss suka ciro 'yan ƙwallaye da ba su kai milimita ɗaya ba daga dutsen Semarkona, wanda ya faɗo a Indiya a 1940, suka auna su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallayen sun daskare fiye da shekara biliyan 4.5 da suka wuce, tun duniyoyi ba su gama haɗuwa ba, kuma sun riƙe shaidar maganaɗisun da ke cikin hazon da ya kewaye rana a lokacin: wajen kashi 54 cikin miliyan na tesla, kusan irin wanda ke juya kamfas ɗinmu yau.

Irin waɗannan duwatsu, da Larabawa ke kira naizak, hamada ce ma'ajiyarsu. A Rub'ul Khali akwai ramukan Wabar, inda aka ɗauko ƙaton ƙarfen nan mai nauyin kusan tan biyu da ke Riyad yanzu. A tsallaken Bahar Maliya, ranar 7 ga Oktoban 2008, wani dutse ya tarwatse a saman hamadar Nuba ta arewacin Sudan, na farko da aka hango tun yana sama kafin ya iso, ɗaliban Jami'ar Khartum kuma suka jera sahu suka tsinto ɗaruruwan gutsattsarinsa kusa da tashar jirgin ƙasa ta shida. Makiyaya da masu neman zinare da masu yawon sahara su ma suna karo da su. Kuma kusan kowa gwaji ɗaya ya sani: ka manna masa maganaɗisu, in ya kama, na sama ne.

Wannan mannawar tana goge rubutun. Maganaɗisun hannu ya fi wanda dutsen ya daskare a ciki ƙarfi sau dubbai, yana taɓawa ƙwayoyin su juyo gare shi, cikin ƙiftawar ido, ba kuma dawowa. A 2023 Foteini Vervelidou da Weiss da France Lagroix suka bi sawun wani sanannen dutsen Mars da aka tsinta a hamadar Sahara a 2011, mai ɗauke da ƙwayoyin da suka kai shekara biliyan 4.4, daga zamanin da Mars ke da nata maganaɗisun. Suka tattaro gutsattsarinsa daga hannaye daban-daban suka auna. Duk wanda suka gwada, wani ya riga su taɓa shi da mayen ƙarfe.